A Manna ko a Ɗinka? Zaɓen Akwatin Kayan Wasan Yara Mai Suturar Atamfa

Uwargida, kafin ki tafi zaɓen atamfar da za ki lulluɓe akwatin kayan wasan yara da ita, ki fara amsa wa kanki wannan: ranar da autanki ya tuntsurar da kofin kunu a cikin akwatin, ko ya haye kansa ya tsula fitsari, yaya za ki yi da shi? Ranar tana nan tafe, ko ba daɗe ko ba jima. Amsar da kika bayar ita ce za ta raba miki gardama tsakanin hanyoyin da ake bi: kwalin da aka manne wa yadi da gam, kwalin da aka ɗinka wa riga mai cirewa, akwatin katako na kafinta, da kwandon roba da aka yi wa sutura. Ranar da aka gama su dukkansu gwanin sha'awa ne. Sai sun ga damina ɗaya a tsakar ɗaki kowanne yake nuna halinsa.

Ni dai ba zan ɓoye inda na karkata ba. A gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kwali mai kauri da riga mai cirewa ya fi sauran. Amma akwai gidajen da wata hanyar ta fi dacewa da su, har da ta mannawar da zan fi yi wa ƙorafi.

Mu fara da kwalin kansa, tunda hanyoyi biyu a kansa suka dogara. Ki ɗauki kwali ki dubi bakinsa inda aka yanke. Za ki ga takarda a waje, takarda a ciki, a tsakaninsu kuma wata mai tudu da kwari. Wannan ta tsakiyar ita ce ƙarfin kwali. Kwalin Indomie da na biskit layi ɗaya gare su, shi ya sa yaro na jingina da su suke lotsewa. Wanda kike nema shi ne mai layi biyu, wato takarda biyar a haɗe, irin wanda ake zubo kaya masu nauyi a ciki: na fanka, na talabijin, na firji, wani lokaci na man girki. Wajen masu shagon kayan lantarki ake samunsa, kuma sau da yawa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan babba ne kika yanke shi kika sake haɗawa, ki tabbata ramukan nan na tsakiya a tsaye suke a jikin bango, daga sama zuwa ƙasa. Idan suka kwanta, bangon zai naɗe da zarar an danna shi.

Akwai kwalayen da ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa: wanda aka zubo maganin ƙwari ko maganin feshin gona a ciki, da na daskararren kifi ko kaji. Na farko guba ce a wurin da yaro zai sa hannu ya kai baki, na biyu kuma ƙarninsa ba ya fita, ɓeraye za su yi ta kawo miki ziyara. Na sabulu ba laifi, sai dai ƙamshin zai kama duk wata 'yartsana mai laushi.

Ko mannawa za ki yi ko ɗinki, kada ki yanke marufan nan huɗu na sama ki yar. Ki lanƙwasa su ciki ki manne su da bango, sai kaurin bangon ya ninka. Sannan ki yanko wani falle daidai faɗin gindin ki shimfiɗa a ciki, ramukansa su gitta na asalin gindin. Wannan ɗan aikin na minti kaɗan shi ke bambanta kwalin da zai yi shekara da wanda zai buɗe baki a wata na biyu.

To, mannawa. Abin da ke jan mutane gare ta a fili yake: ba ta buƙatar keken ɗinki, ba ta buƙatar tela, kuma yadin yana kwanciya lif a jikin kwalin, kusurwoyi su fito tsaf kamar daga kanti. A kyan gani babu wadda ta kamo ta. Almakashi, reza, burushi da gam, shi ke nan kayan aikin, da la'asar ɗaya kin gama.

Sai dai gam ɗin ma kala-kala ne, kuma a nan ake yawan yin asara. Mafi arha shi ne kokon sitati ko na fulawa, wanda masu liƙa fasta ke amfani da shi. Yana kamawa, ba musu, amma abinci ne. Kyankyasai dama suna son kwali, don duhu da ɗumin ramukansa, kuma shi kansa kwalin da sitati ake haɗa takardunsa a masana'anta. Idan kika ƙara masa kokon fulawa kin haɗa musu gida da tuwo. A watan Agusta kuma, lokacin da iska ke cike da laima, funfuna ce za ta biyo baya. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi dacewa da yadin auduga a kan kwali: ba shi da wari mai hawa kai, yana bushewa ba launi, kuma yana ba ki 'yan mintuna ki gyara yadin idan ya karkace. Sharaɗinsa a shafa shi siriri a jikin kwalin, ba a jikin yadin ba, a ɗan jira ya fara danƙo kafin a ɗora. Idan kika lafta shi da yawa zai ratso yadin ya bar tabo mai sheƙi wanda ba ya fita, ruwan da ke cikinsa kuma ya sa bangon ya bauɗe. Gam ɗin masu gyaran takalma, irin Evo-Stik, ya fi ƙarfin wannan aikin. Ana shafa shi fuska biyu, idan suka haɗu sun haɗu ke nan, ba gyara. Yana barin rawayan tabo a yadi mara kauri. Warinsa na sa jiri, kuma yana kama wuta. Wurinsa shi ne idan da leda mai kauri ko fata za ki rufe, kuma a tsakar gida za ki yi aikin, nesa da murhu, ki bar akwatin ya sha iska har warin ya fita kafin ya shiga hannun yaro. Bindigar gam kuwa sai da wutar lantarki, kuma tana barin ƙulli-ƙulli a ƙarƙashin yadi. Ta yi kyau wajen kama baki, ba wajen rufe bango gaba ɗaya ba.

Abubuwa biyu ƙanana da ake mantawa. Farin gam ba ya kama salatif, don haka ki ɓare duk wanda ke jikin kwalin, ki maye gurbinsa da tsirin takarda da gam. Kuma rubutun kamfani da ke jikin kwali yana bayyana ta cikin yadi mai haske. Idan atamfarki farar ƙasa ce, ki fara liƙa farar takarda.

A kusurwa ake gane mai hannu. Idan kin zagaye bangon kin zo lanƙwasa rarar yadin zuwa ciki, ki tsaga shi da almakashi daidai kowace kusurwa, amma ki tsaya saura kamar rabin inci kafin bakin kwalin. Idan tsagar ta kai har baki, kwalin zai leƙo ta nan, kuma ta nan ɗan yatsan yaro zai fara ɓanɓara. Ki kwantar da ɓangare ɗaya, ki ɗora ɗayan a kansa, ki bi da bayan cokali kina gogawa daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita, sannan ki jera abin maƙale shanya a bakin har ya bushe. Da hunturu cikin 'yan sa'o'i ya kama. Da damina ki ba shi kwana guda, ko fiye.

Duk wannan kyan yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ruwa. Yadin da aka manne ba ya wankuwa. Kura kina iya kakkaɓewa da burushi, ɗan tabo kina iya dangwalawa da tsumma mai ɗan danshi, amma kunu, koko, fitsari ko man miya, da zarar sun ratsa sun isa kwalin, magana ta ƙare. Kwali idan ya jiƙe ya bushe ba ya komawa yadda yake. Ga kuma gindi: yara ba sa ɗaukar akwati, ja suke yi. A kan siminti, atamfar da ke ƙasa tana cinyewa daga kusurwoyi cikin 'yan makonni. Ranar da za ki yar da kwalin, da atamfar za ki yar, da gam ɗin, da wahalarki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce a nan kin sa wa rariyar atamfa mai tsada.

Saboda haka mannawa ta dace da akwatin da zai zauna a sama, a kan kanta ko cikin durowa, ɗauke da kaya marasa nauyi kuma busassu: littattafan zane, fensira masu launi, katunan wasa, kayan kitson 'yartsana. Ta dace da yaran da suka kai 'yan firamare, waɗanda suka daina cin abinci a kan kayan wasansu. Kuma idan ƙyallen da za ki yi amfani da shi ragowar ɗinki ne da ba ki sayo ba, to asarar kaɗan ce, ki manna abinki hankali kwance.

Ita kuwa riga, tunaninta ɗaya ne da na rigar filo: abin da ke ciki daban, abin da ke waje daban, kowanne ana iya sauya shi ba tare da an taɓa ɗayan ba. Kwali ya lalace, ki zare rigar ki sa wa wani mai girmansa. Riga ta yi datti, ki jefa ta cikin wanki. Kuɗinki yana jikin yadin da ɗinkin, kuma su ne ke rayuwa. Kwalin da ba ki saya ba shi ke mutuwa.

Akwai siga biyu. Mai sauƙin ita ce a ɗinka jaka mai gindi huɗu-huɗu daidai cikin kwalin, a tsawaita bakinta yadda za ta fito ta lanƙwaso ta rufe bangon waje har ƙasa, a sa roba ko mazagi a bakin ya tattare a ƙarƙashin gindi. Ko mai koyon keke za ta iya. Da ita ciki da waje duk a rufe suke, kuma ɓurɓushin biskit da ke tara kiyashi yana zama a cikin jakar, ki zaro ki kakkaɓe a waje. Aibinta ba ta kwanciya sumul kamar ta manne. Za ta ɗan yi tattara a kusurwa, kuma idan robar ta saki za ta riƙa zamewa. Wadda ke son ɗaki ya fito kamar na hoto za ta ɗan ji haushin wannan. Ni ban ɗauke shi aibi babba ba, don akwatin da yara ke amfani da shi da gaske ba ya zama kamar na hoto ko da me aka yi shi.

Siga ta biyu ta fi wahala, ta fi tsari. Ba a amfani da kwali ɗungurungum. Ana ɗinka akwatin ne da yadi biyu, na waje da shafi, kowane bango ya zama aljihu, sai a yanko falle-fallen kwali a zura a ciki, a shimfiɗa wani a gindi. Ranar wanki a zare su, a wanke, a mayar. Idan ba a bukatarsa a naɗe shi ya shige ƙarƙashin katifa, abin da ke da amfani ga mai ɗaki ɗaya, ko mai yawan tafiya hutu da yara, ko 'yan haya masu yawan tashi. Kuma tunda ke kike yanke fallayen, ba ki dogara da samun kwali mai girma iri ɗaya ba, wanda shi ne babban ciwon kan siga ta farko. Sai dai ƙarfinsa bai kai na kwali ɗungurungum ba, don kusurwoyinsa ɗinki ne kawai ke riƙe da su. Ƙwallaye, 'yan tsana da kayan roba marasa nauyi zai ɗauka lafiya. Idan aka cika shi da littattafai zai buɗe ciki. Kuma kuɗin ɗinkinsa ya fi yawa. Wasu teloli za su ce a bar kwalin kawai a manna gamste, wato ƙyallen nan mai gam da ake liƙawa da dutsen guga don yadi ya tsaya, a jikin yadin. Yana tsayawa da farko, amma bayan wanki biyu-uku sai ya langaɓe.

Ga lissafin yadi, don kada a cuce ki kuma kada ki sayi abin da ya wuce bukata. A ce kwalinki tsawonsa inci 16, faɗinsa 12, tsayinsa 10. Idan za ki zaunar da shi a tsakiyar yadi ki ɗago ɓangarori huɗu, da rarar inci 3 ta lanƙwasawa ciki, kina bukatar inci 42 a kan 38. Faɗin atamfa kusan inci 45 ne, yadi ɗaya kuma inci 36, ke nan yadi ɗaya da ɗan ɗoriya ya rufe kwali ɗaya, turmi mai yadi 6 ya rufe biyar. Amma idan zanen atamfar mai sama da ƙasa ne, kamar tsuntsu ko fure mai kara, wannan yankan zai sa wani gefen ya fito a kife ko a kwance. Maganinsa a yanko doguwar ɗamara mai tsawon inci 58 da faɗin 15 a zagaye bangon da ita, a rufe gindin da wani ƙyalle daban. Riga mai ciki da waje kuwa tana cin kusan ninki biyu, shi ya sa ake yin cikin da yadi mai arha ko tsohon zanen gado.

A kan irin yadin, atamfar auduga ita ce ta fi biyayya a hanyoyin biyu. Ki wanke ta tukuna, ki goge. Sabuwar atamfa na ɗauke da sitati da ke hana gam kamawa, kuma auduga na tsukewa a wankin farko. Rigar da aka ɗinka daidai-wa-daida da yadin da bai taɓa ganin ruwa ba, bayan wanki ba za ta shiga ba. Ki gwada zuba: ki jiƙa farin tsumma ki goga, idan launi ya biyo to zai biyo bakin yaro ma. Atamfar roba mai arha ba ta tsukewa, tana saurin bushewa, don haka ta yi wa riga daidai, amma a mannawa gardama take yi da farin gam. Tsohuwar shaddar maigida da ta sha wanki ta yi laushi tana yin kyau ƙwarai. Leshi ki bar shi: huda-hudarsa na nuna kwali, duwatsunsa kuma na ɓallewa. Wandon jins na gwanjo shi ne sarkin juriya, musamman a gindi inda ake ja, sai dai kaurinsa na taruwa a kusurwa, don haka ɗinki ya fi karɓarsa. Idan sayowa za ki yi, a Kantin Kwari ko kowace kasuwar yadi ki tambayi ragowar da aka yanke. Idan kuma kina da tela na gida, buhun ƙyallayen da ke bayan kekensa ya ishe ki haɗa akwati mai launi-launi.

Akwatin katako wani mataki ne daban, a kuɗi da kuma a daɗewa. Shi ne kaɗai yaro zai hau ya yi tsalle bai karye ba, kuma ƙanne za su gaje shi. Falle ɗaya na filawud, mai ƙafa 4 a kan 8, yana fitar da matsakaita biyu ko fiye. Kauri milimita 9 ko 12 ya wadatar. A Kano, 'Yan Katako na Na'ibawa ne wurin sayensa, kuma kowane gari da nasa. Ki dage a kan filawud na gaske. Allon nan na garin katako da aka matse, wanda ake yin durowoyi masu sheƙi da shi, nauyi gare shi, kuma idan ruwan mopa ya riƙa taɓa gindinsa kumbura yake yi ya marmashe. Ki sa a yi masa 'yan ƙafafu ko tayoyi ya ɗaga daga ƙasa, saboda laima da gara, kuma a goge kusurwoyinsa su daina kaifi.

Wajen sutura katako na da nasa cikas. Masu yin kujeru za su sa masa soso su ja yadi su buga da ƙananan ƙusoshi, ya fito kamar kushin. Da kyau, kuma soson na kare goshi. Amma kin dawo matsalar mannawa, a kan abu mafi tsada: ba ya wankuwa, soso kuma na shan fitsari ya riƙe. Ƙusoshin ma idan suka fara ɗagowa abin tsoro ne. Gara a shafe katakon da fenti ko banish, sannan a ɗinka masa riga mai cirewa kamar ta kwali.

Sai maganar marfi, wadda nake so ki tsaya a kanta. Kafinta zai ce miki, "Hajiya, ai akwati ba marfi bai cika akwati ba, bari in sa masa marfi mai kyau." Ki ce masa, "Malam, na gode, bar min shi a buɗe." Marfin katako mai maƙale da akwati yana faɗowa a kan yatsu, ya fi muni ya faɗo a wuyan yaron da ya zura kai yana laluben mota a ƙasa. Kuma yara na wasan ɓuya. A 1996 kamfanin Lane na Amurka ya yi shelar sauya makullan akwatunan katako miliyan 12 da ya ƙera tsakanin 1912 da 1987, saboda marfinsu na kulle kansa idan ya rufe, kuma yara sun mutu a ciki don rashin iska. Idan dole sai da marfi, ya zama mara nauyi wanda ake ɗagewa gaba ɗaya a ajiye gefe, ba sakata ba kuba, a kuma huda ramukan iska a jikin akwatin. Don kurar hunturu kuwa, ɗan ƙyallen da aka ɗinka a jikin rigar yana yafuwa a kai ya wadatar.

Kwandon roba shi ne zaɓin wadda ɗakinta ke shan ruwa. Idan da damina ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ko simintin na tsatsafo da laima, ko kullum sai an yi mopa, kada ki wahalar da kanki da kwali. Roba ba ruwanta da gara ko funfuna, a wanke ta da omo a kife ta bushe. Gam ba ya kama ta da kyau, don haka riga ce kawai hanyarta, kuma rigar na toshe ramukan da ƙananan kaya ke zubewa ta ciki. Illarta kuɗin saye, da kuma yadda take tsagewa ta bar baki mai kaifi idan ta daɗe a rana. Yawancinsu ma bakinsu ya fi gindinsu faɗi, ba sa jeruwa tsaf a jikin bango. Tsohon bokitin fenti mai lita 20 kuwa, duk da arharsa, ba na yara ƙanana ba ne. Wasu fentin na ɗauke da dalma, kuma mai rarrafe na iya faɗawa ciki da ka ya kasa fitowa. Idan aka yi rashin sa'a ruwan sama ya taru a ciki, ko kaɗan ne, ya isa ya halaka yaro. Kwandon kaba na masu saƙa, ko tsohon adudun kaka idan akwai, ya fi shi sau goma, muddin aka yi masa shafi saboda tsinkayen da ke soke hannu.

Ko wanne kika zaɓa, girma na iya ɓata shi. Babban akwati guda mai zurfi shi ne abin da kowa ke fara tunani, kuma shi ne ke mayar da ɗaki yadda yake. Yaro na neman ƙaramar mota, tana can ƙasa, sai ya kife akwatin duka. Ƙanana uku ko huɗu, waɗanda zurfinsu bai wuce inci 8 zuwa 10 ba, sun fi: yana hango abin da yake so, yana iya ɗauka da kansa, kuma ana iya ce masa ya mayar. A nan atamfa ke yin aikin da ya wuce ado, don yaron da bai iya karatu ba ya san ja na motoci ne, shuɗi na tukwanen wasa. A gidan yawa kuwa, inda 'yan uba ke wasa tare, kowa da launinsa ya fi rage rigima. Wannan ma wani dalili ne da ke rinjayar da ni wajen kwali: huɗu na katako kuɗi ne mai yawa.

Hannun ɗauka, idan kwali ne, rami a jikin bango yana yagewa sai an ninka wurin. A riga, a ɗinka ɗamarar yadi da za ta bi ta ƙarƙashin gindi ta fito gefe biyu, nauyin ya hau kanta. Ta zama gajera, iya shigar hannu, ba wadda kai zai shiga ba. Ado kuma a yi shi da zare ko ƙyalle da aka ɗinke. Maɓalli da ƙananan duwatsun ado ba su da wuri a nan. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka da Turai ga 'yan ƙasa da shekara 3 shi ne duk abin da ya shige bututu mai faɗin milimita 31.7 yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro, kuma abin da aka manna da gam, ɗan shekara biyu zai ɓalle shi.

Kada ki jefa kafur a ciki don korar kyankyasai. Fari ne, ƙwallo-ƙwallo, yaro na ɗaukarsa alewa. Bayan haka sinadarin da ke cikin irin na kasuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga yara maza, har ta kai ga shawara. Juye akwatin a kakkaɓe shi duk mako, a shanya a rana, a sauya kwalin idan ya fara tsufa, ya fi kowane magani.

Idan tela za ki kai wa, kada ki aika masa da awo a takarda. Ki kai masa kwalin kansa, bayan kin gama ninka bangon da gindin, don kaurin ya ƙaru a kan yadda yake da farko. Ki ce ya bar sakin rabin inci a kowane gefe bayan na ɗinki, ya bi kusurwoyin sau biyu, ya kuma yi wa gindin ninki da yadi mai ƙarfi. Ki sa ya yi riga biyu ga akwatin da aka fi ja, ɗaya na jiki ɗaya na shanya. Kuma ki nemi lokacin da kasuwarsa ta lafa. Idan kika kai masa rigar kwali ana saura mako biyu Sallah, sai bayan hawan Daushe za ki ji daga gare shi.